Ƙafa Goma Daga Bakin Titi

Litinin, bayan ruwan daren Lahadi,
na shiga Bolari da tef ɗin awo a aljihu,
gwangwanin jan fenti ɗaure a bayan babur.
Takardar ofis ta ce:
ƙafa goma daga bakin titi,
kada bulo ya hau kan magudana,
shagunan layi ɗaya su sha fenti ɗaya,
bango ruwan madara, ƙofa ruwan ƙasa.

Ni na yarda da takardar.
Na ga ruwa in ya gangaro daga Tumfure
ya tarar an gina masa ɗaki a hanya.
Ba ya sallama.
Ta taga yake shiga,
ya fito da katifa, da buhun masara,
da takardun makarantar yara.
Gombe ƙwarya ce a ajiye cikin kwari,
abin da aka zubar a tudu, a cikinta yake kwana.

Gida shida na shafa wa ja, hannuna bai yi rawa ba.
Wata ta zage ni, wani ya miƙo ɗari biyar a dunƙule,
wani ya ce in jira, yana da ɗan'uwa a sama.
Na bakwai ne ya tsayar da ni:
dakalin Babayo magini.

A nan na fara ɗaukar kwanon siminti
ina ɗan shekara sha uku, kaina duk ƙuraje.
A nan ya koya min cewa ido maƙaryaci ne,
sai an tambayi igiya.
Dakalin nan ya ga sunan yara ashirin,
ya ga zaman makoki, ya ga sulhun maƙwabta,
Goggo Dudu na ɗora tiren ƙosai a gefensa tun kafin a zuba kwalta.
Ƙarƙashinsa kuwa magudana ce, a shaƙe,
tana nishi da leda da yashi.

Ya fito da sanda, bayansa ya ranƙwafa.
Na durƙusa na gaishe shi, tef ɗin na ƙona min cinya.
Na so in ce hanya ce ta biyo da ni.
Ya dubi fentin da ya ɓata min farce,
ya ce, «Sambo, ba ni bakin.»

Ya riƙe, na ja.
Na saki kaɗan, ya yi ciki kamar igiyar shanya,
ko ƙafa ɗaya ta ƙaru.
«Ja da kyau,» in ji shi,
«ban koya maka awon jin kunya ba.»
Na ja. Ƙafa shida.
Ya karɓi buroshi, ya zana layin da kansa,
miƙaƙƙe, ba karkata, kamar yadda yake jera bulo.

Sai ya zauna a kan abin da ya yanke wa hukunci.
«Ruwa ya fi ni gaskiya, a ba shi hanyarsa.
Fentin ma ku zaɓa, tsoho bai faɗa da launi.
Amma ka tambayi masu zanen nan,
in sun gama daidaita gari kamar haƙoran roba,
ina mutum zai zauna ya amsa gaisuwa?»

Da yamma na shimfiɗa taswirar unguwar a tebur.
Titi baƙi, magudana shuɗiya, filaye a yanke da lamba.
Komai yana wurinsa.
Na nemi inuwa, ban samu ba.

Na ɗauki fensir, bayan layin ƙafa goma,
na zana ɗan da'ira, bishiyar maina,
da gajeren layi a gindinta.
Oga Lamela ya leƙo ta kafaɗata,
ya ce wannan dattin fa, goge shi.
Na ce to, ranka ya daɗe.

Yau Alhamis.
Katafila za ta shiga Bolari ranar Asabar.
Har yanzu ban sayi abin gogewa ba.